Tambaya da Amsa: Ƙara Waifai a Gidan da Aka Riga Aka Ja Wa Kebul na Intanet

Wasiƙun wannan makon daga cikin garin Sakkwato suka zo, kuma kusan duk abu guda suke kewaya wa: gida yana da intanet ta kebul, amma wayoyin hannu suna neman waifai. Masu sana'ar haɗa na'urorin sadarwa da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin da munka gina gida an ja muna kebul na intanet zuwa falo, da ɗakin karatu, da shagon da ke ƙofar gida. Intanet ɗin na saukowa daga eriya bisa rufi zuwa wata rauta mai rami huɗu wadda ba ta watsa waifai. Kwamfutar ɗakin karatu da ta shago da na'urar kyamarori duk suna aiki lafiya lau, ramin falo ne kawai ba a amfani da shi. Yanzu iyali na son waifai. Mai shago ya ce in kwance komai in sayi sabo, alhali ina da tsohuwar rauta TP-Link aje cikin durowa. Mi kunka gani? *Wani magidanci, Arkilla.*

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka kwance komai. Abin da ya fi wahala da tsada a wannan aiki shi ne jan kebul cikin bango, kai kuwa an riga an gama maka shi. Saura na'ura guda da za ta karɓi intanet daga ramin falo ta watsa shi a iska. Masu shago suna kiranta akses foyin, kuma rautar da ke durowa za ta iya wannan aiki in aka rage mata muƙami.

Rautar gida aiki uku take yi a akwati ɗaya: tana tsaron ƙofa tsakanin gida da intanet, tana raba wa kowace na'ura lambar adireshi, tana kuma watsa waifai. Wadda ke aiki a gidanka tana yin biyun farko, saboda haka na ukun kaɗai ake so ta durowa ta yi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Mai rabon adireshi ɗaya tak ake bari a gida.

Fara da sanin adireshin babbar rautar. A kwamfutar ɗakin karatu ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta cmd, in baƙin allo ya buɗe ka rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin. A ce 192.168.1.1 ka gani. Rubuta ta a burauza, ka shiga, ka nemi wurin da aka rubuta DHCP, nan ne rabon adireshi yake. Duba daga ina yake farawa. In daga 192.168.1.100 ne, madalla. In kuwa daga 192.168.1.2 yake farawa, mayar da shi 100 don lambobin ƙasa su zama naka, ka riƙa ba na'urorin da ba sa motsi.

Sai ka ɗauko tsohuwar. Kada ka haɗa ta da kebul ɗin bango tukuna. Kunna ta, ka sa tsinke a ɗan ramin risat da ke bayanta, ka danne kamar daƙiƙa 10 har fitilunta su ɗauke su dawo. Haɗa kwamfuta da ɗaya daga ramukan da aka rubuta LAN, ka juya rautar ka karanta takardar da ke manne a gindinta. Adireshin shiga yana nan, a yawancin TP-Link 192.168.0.1 ne. In cikin saitinta akwai wurin zaɓar yanayin aiki, kuma ka ga AP a ciki, wato akses foyin, zaɓe shi, ita da kanta za ta ƙarasa sauran. In babu, da hannu za a yi, kuma bin jeri yana da muhimmanci. Da farko canja adireshinta na LAN zuwa 192.168.1.2. Za ta mutu ta tashi. Zare kebul ɗin kwamfutar ka mayar, ka sake shiga da sabon adireshin. Sa wa waifai suna, ka zaɓi tsaro na WPA2 mai AES, ka sa kalmar sirri, ka kuma canja kalmar shiga saitin rautar kanta. Kashe DHCP shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da kashe shi yakan rufe wa kansa ƙofa, domin kwamfutar ba ta da mai ba ta adireshin da za ta koma ciki da shi, dole sai an sake risat.

Yanzu kai ta falo, ka sa kebul ɗin bango a ramin LAN. Ramin WAN, wanda launinsa ya bambanta da sauran, a bar shi babu komai, har ma muna ba da shawarar a liƙe bakinsa da salatef, don wata rana mai shara ko yaro zai zare kebul ya mayar a inda ya ga ya fi kyau. Wadda aka sa a yanayin AP ce kaɗai ta fita daban, ita a bi abin da allonta ya nuna. Sauran ramukan LAN ba su mutu ba, talabijin ɗin falo zai iya shan intanet daga ɗayansu. Gwajin aiki: haɗa waya da waifai, ka duba adireshin da ta samu. In ya fara da 192.168.1.1 da lamba biyu a bayansa, kamar 192.168.1.104, kuma Gateway ɗin da wayar ta nuna 192.168.1.1 ne, babbar rauta ce ta ba ta, an yi daidai.

Kurakuran da aka fi yi kowanne da alamarsa. In aka sa kebul a WAN ba tare da an canja komai ba, intanet zai zo, shi ya sa mutane ke zaton sun gama, amma gidan ya rabu biyu: wayoyi suna wani tsagi, kwamfutoci da kyamarori suna wani, sai manhajar kyamara ko ta firinta ta yi ta lalube ba ta gano na'urar ba. In aka sa a LAN amma aka manta DHCP a kunne, wannan ne mai ɗaure kai: waya ɗaya tana aiki, ɗayar ta nuna ta haɗu amma babu intanet, gobe kuma su yi musanya, saboda duk rautar da ta riga amsawa ita ke ba da adireshi, ƙaramar kuwa tana tura waya hanyar da ba ta ɓullewa. In kuma aka haɗa rautocin biyu da kebul biyu maimakon ɗaya, saƙo zai yi ta zagaye ba ya tsayawa, duk fitilu su kama ƙiftawa da sauri tare, gidan gaba ɗaya ya tsaya cak. Zare kebul ɗaya, komai ya dawo.

Tsohuwar rauta mai ramin 100 Mbps ta wadatar in abin da ke saukowa daga eriya bai wuce 20 ko 30 ba. Ranar da za ka sayi sabuwa, nemi mai ramukan gigabit, wato masu gudun 1000 Mbps, da zangon waifai biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Kada lambar kwali ta ruɗe ka: AC1200 tarin 300 ne na zango ɗaya da 867 na ɗayan, babu wayar da ke samun jimillar.

Tambaya: Waifai ɗinmu na falon maigida. Can yana cika fal, amma da na ƙetare tsakar gida na shiga sashena sai shi koma sanda ɗaya, kiran bidiyo shi riƙa yankewa, ga shi da shi nike darussan ƙarin karatu da dare. An ce in sayi rifita. Za ta yi? *Wata malamar makaranta, Runjin Sambo.*

Amsa: Malama, za ta ƙara miki sanduna a fuskar waya, amma da wuya ta gyara kiran. Rifita sauraro take yi sannan ta maimaita, kuma mai rediyo ɗaya ba ta iya yin biyun a lokaci guda, saboda haka gudun yana raguwa da kusan rabi. Sannan abin da ta ji shi take maimaitawa. In aka jona ta a ɗakinki inda siginar ta riga ta galabaita, galabaitacciyar za ta watsa miki da ƙarfi.

Ginin gidajenmu ne ke cin siginar. Bulon siminti, dekin mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, da bangon ƙasa mai kauri na tsofaffin unguwanni, kowanne yana gutsurar rabonsa. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso. Zangon 5 GHz ya fi gudu, sai dai bango biyu na bulo kan gama da shi. Rauta mai manyan eriyoyi ma ba magani ba ce, domin zance ne na kai da komowa: ko rautar ta yi ihu kin ji ta, wayar da ke hannunki ƙaramar murya gare ta, amsarta ba ta komawa.

Kafin ki kashe ko kwabo, a gyara mazaunin ta falo. A fito da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗora ta sama da tsayin mutum, eriyoyinta a tsaye, kusa da tagar da ke kallon sashenki. Sa wata manhajar auna waifai a wayar Android, irin su WiFi Analyzer, ki zauna daidai inda kike karatu ki duba lambar. Da alamar ragi take zuwa, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -50 ƙarfi ne sosai, -67 ita ce iyakar da ake so don kira, daga -75 zuwa -80 kuwa yankewa ba makawa.

In gyaran mazauni bai kai ki -67 ba, a ja kebul guda daga ramin LAN na rautar falo zuwa sashenki, a sa akses foyin ta biyu a can, a saita ta kamar yadda muka bayyana wa Alhaji a sama, da nata adireshin daban, misali 192.168.1.3. A ba su suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, irin tsaro ɗaya, don waya ta riƙa sauya sheƙa da kanta. Tasha, wadda ake rubuta wa Channel a saitin waifai, ita ce dole ta bambanta. A zangon 2.4, tasha ta 1 da ta 6 da ta 11 ne kawai ba sa taka juna, saboda haka in ta falo tana 1, taki ta hau 6 ko 11, faɗin tasha kuma a bar shi 20 MHz. Wani abin da ake mantawa: waya ce ke yanke shawarar sauyawa, ba rauta ba, kuma tana da naci, takan liƙe wa ta falo har sai ta kusa ɓacewa. Rage ƙarfin watsawar kowacce zuwa matsakaici yana sa waya ta saki ta nesa da wuri.

Tambaya: Mai gyaran wuta ya ja min kebul daga cikin gida zuwa ɗakunan samari da ke baya, kamar mita 40, ya bi da shi bisa katanga. Fitilar rami na kamawa tana saki, kuma kwamfuta na nuna 100 maimakon 1000. Laifin kebul ne ko na na'ura? *Wani ɗan'uwa, Mabera.*

Amsa: Tsawon ba matsala ba ne, ƙa'ida ta yarda har mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. Fara da tabbatar cewa ramukan ɓangarorin biyu na gigabit ne. In haka ne, zargi ya koma kan kawunan kebul ɗin. A cikinsa akwai ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Gudun 100 huɗu kawai yake amfani da su, gudun 1000 kuwa sai duk takwas sun taɓa, shi ya sa waya ɗaya da ba ta matsu ba take mayar da kai 100. A yanke kawunan biyu a sake matse sababbin RJ45 da jeri ɗaya a kowane ƙarshe. Riƙe kan, ƙarfensa na kallonka, maƙallinsa na baya, ka jera daga hagu: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Masu aikin wuta da yawa suna jera launukan yadda suka ga dama, su ce ai in ƙarshen biyu sun yi daidai shi ke nan. Testa mai fitila takwas ma za ta nuna lafiya, amma an raba tagwayen da aka murɗe don su kare juna daga hayaniya, sai layin ya yi aiki a mita 3 ya kasa a mita 40. Kada kuma a warware murɗin fiye da ɗan abin da zai shiga kan.

Sai ingancin kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da mai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, wani lokaci za ka ga CCA a kwalinsa. Kankare waya ɗaya da reza: in fari ya bayyana a ciki, shi ne. Yana karyewa cikin sauƙi, kuma bai dace da ɗaukar wuta ba. Nemi Cat5e ko Cat6 na jan ƙarfe zalla. Kwali guda mita 305 ne, amma ana yanka wa mutum yadda yake so.

Bin katanga a fili kuwa ba mu yarda da shi ba. Rigar kebul na cikin ɗaki ba ta jure rana, ranar Sakkwato kuwa ba ta wasa: rigar ta bushe, ta tsattsage, ruwan damina ya shiga. A sa baƙin kebul na waje, ko a zura shi cikin fayif na roba mai milimita 20 a binne, nesa da wayar wuta da kamar santimita 30, in dole su haɗu su gicciye juna kada su jera. Tsakanin Yuni da Satumba tsawa ko ba ta faɗo kan gidan ba tana iya cusa wuta cikin dogon kebul ta ƙone ramukan ƙarshensa biyu, saboda haka a sa abin kare tsawa na kebul ɗin intanet a kowane ƙarshe, a haɗa shi da sandar ƙasa ta gidan.

In babu soket a inda akses foyin za ta zauna, akwai masu cin wuta ta cikin kebul ɗin, da PoE rubuce a jikinsu. Mai tura wutar da ke da lamba 802.3af yana ba da wat 15.4, mai 802.3at wat 30, kuma dukansu sai sun tambayi na'ura kafin su saki wuta. Akwai kuma injekta, ɗan akwatin da ke cusa wuta cikin kebul, mai bolt 24 da ba ta tambayar kowa. Ita sai da na'urar da aka yi ta dominta. In ka kuskure ka sa kebul ɗinta a kwamfuta, tana iya ƙone ramin.

Tambaya: Don kada yara su taɓa, na ɓoye rauta cikin silin. Da safe lafiya, amma daga azahar sai ta sandare sai an kashe an kunna. Kuma in anka ɗauke wuta komai na mutuwa. *Wani mai karatu, Gawon Nama.*

Amsa: Malam, sauko da ita yau. Yawancin rautocin gida an rubuta musu iyakar zafi digiri 40, Sakkwato kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan wuce haka, balle tsakanin kwano da silin da rana tsaka. Kafa ta a bango ƙasa da silin, inda iska ke wucewa, kada a rufe ta da kyalle, kuma bayan hunturu a hure ƙurar da ta toshe ƙofofin iskarta. In ta ci gaba da sandarewa, gwada wata adafta mai bolt ɗaya da tata. Adaftar da zafi ya gajiyar tana kawo irin wannan alamar.

Batun wuta, rauta ba ta da ci. Mai 12V 1A a jikin adaftarta ba ta wuce wat 12. Batir mai 12V 7Ah yana riƙe da kimanin wat 84 na awa ɗaya, kuma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato awa uku da ɗoriya ke nan ga rauta ɗaya. Ƙananan akwatunan batir da ake sayarwa don rauta sun fi sauƙi, sai dai a duba bolt: mai 9 ba ta shan 12. Kuma duk jerin ne ke buƙatar wuta, eriya da babbar rauta da suwici (akwatin da ke ƙara yawan ramukan kebul) da akses foyin. In ta ƙarshen kaɗai ke kan batir ko inbata, waya za ta nuna waifai cike, intanet babu.

Tambaya: Muna son komawa Starlink. Kebul ɗin da ke cikin gida zai yi amfani? *Wani ɗan kasuwa, Minanata.*

Amsa: Zai yi. Tun Janairun 2023 Starlink ke aiki a Najeriya, kuma rautocinta iri-iri ne a hannun mutane. Ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul, sai an sayi adaftarta daban; ta ƙarni na uku tana da rami biyu a baya. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar ta Starlink ta zama mai rabon adireshi, a ja kebul daga gare ta zuwa suwici, tsofaffin rautoci su koma akses foyin. In kuwa taka kake so ta ci gaba da mulki, kunna Bypass a manhajar Starlink, ka sa kebul ɗin a ramin WAN na rautarka. Ka sani waifai ɗin ta Starlink zai mutu, kuma sai da risat yake dawowa.

Tambaya: Tun da munka sa waifai, datar wata ba ta kai sati biyu. Ina zargin maƙwabta. In ɓoye sunan waifai ɗin? *Wata uwargida, Tudun Wada.*

Amsa: Hajiya, kafin a ɗauki alhakin maƙwabta a duba cikin gida. Waya tana ɗaukar kowane waifai a matsayin kyauta. Da ta hau shi sai ta shiga sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna da bidiyo ta tura ma'ajiyar Google, WhatsApp kuma ya sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan da mutum yake ciki. Kwamfuta mai Windows da talabijin mai YouTube sun fi kowa ci. A kowace wayar Android a shiga saitin wannan waifai ɗin a mayar da shi Metered, wato mai ƙidayayyar data, a iPhone a kunna Low Data Mode, a Windows ma akwai irinsa, sannan a kashe saukar bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp.

Don sanin ko akwai baƙo, shiga babbar rauta ki duba jerin na'urorin da ta ba adireshi, ki ƙirga ki gwada da na gida. Ɓoye suna ba tsaro ba ne, manhajar auna waifai tana ganin mai ɓoyayyen suna. Tace na'urori da lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, ma ya zama wahala, tunda daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar wata lambar ta daban ga kowane waifai. Abin da ke aiki shi ne WPA2 ko WPA3 da kalmar sirri mai harafi 12 zuwa sama, ba lambar wayar maigida ba, ba sunan auta ba. A kashe WPS, hanyar hawa waifai ba tare da kalmar sirri ba: tun 2011 aka gano cewa lambarsa mai takwas ana iya cankarta cikin gwaji kusan 11,000, abin da manhaja ke yi ba gajiya.

Ki kuma sani ko ba ki faɗa wa yaro kalmar ba, kin karɓi wayarsa kin sa masa da hannunki, wayar tana iya nuna ta a hoton QR, abokinsa ya ɗauka cikin daƙiƙa biyu a bakin ƙofa. Saboda haka a buɗe waifai na baƙi mai suna daban da kalma daban, a ƙayyade masa gudu in rautar tana da wurin yin haka, a sa yara da baƙi a kansa, a riƙa canja kalmarsa duk ranar da aka sayi sabuwar data. In rautar da ke watsa shi an mayar da ita akses foyin ne, a hau na baƙin da waya a rubuta adireshin babbar rauta a burauza. In shafin shiga ya buɗe, ba ta raba baƙi da na'urorin gida ba, sai a tabbatar babbar rautar da na'urar kyamarori kowacce an canja mata kalmar shigar da ta zo da ita daga kamfani.